Sanduna sun cika, shafi ya ƙi buɗewa: fashin baƙi kan rikicin laftof da waifai a Legas

Wata Asabar bayan la'asar Kawu ya yi sallama a ƙofar ɗakina a Agege, da laftof naɗe cikin tawul a ƙarƙashin hammata. Ta 'yarsa ce da ke karatu ta intanet. Ya sauke ta a kan tabarma a hankali kamar mai sauke majinyaci, ya ce, "Ɗan nan, duba mana wannan abar. Ta ƙi kama waifai. Na kai ta Ikeja, yaron ya ce sai an yi mata fomatin, komai na ciki ya tafi. Yarinyar kuma sai kuka take, wai karatunta na shekara biyu yana ciki."

Na ce, "Kawu, a sha ruwa tukuna. Wayoyin gidan suna kamawa?"

Ya ce, "Sarai kuwa. Har ta Hajiya."

"To ita laftof ɗin, ko'ina take ƙi, ko akwai inda take yarda?"

Ya yi shiru. Can ya ce ai ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Tambayoyin nan biyu su ne rabin aikin, kuma su ne ake tsallakewa. Da zarar shafi ya ƙi buɗewa, wani ya hau zagin kamfanin sabis, wani ya ɗora wa kwamfuta laifi, alhali tsakanin yatsanka da shafin da kake nema akwai gaɓoɓi da dama, kowace kuma da irin ciwonta. Wanda bai gano gaɓar da ta goce ba kafin ya fara gyara, barin jaki yake yi yana dukan taiki.

Da farko a raba abu biyu da bakinmu ya saba haɗawa: waifai daban, intanet daban. Kusan kowane gida a Legas yana da tanki a sama da famfo a ƙasa. Waifai shi ne bututun da ya taso daga tanki zuwa famfo, intanet shi ne ruwan. Sandunan nan da kake gani a kusurwar sikirin labarin bututu kawai suke ba ka, wato ƙarfin siginar da ke tsakanin laftof da rauta, na'urar da ke watsa waifai a gida. Ba su san ko akwai ɗigon ruwa a tanki ba. Shi ya sa za ka ga sanduna cike fal, Windows kuma ta rubuta maka cewa an haɗu amma babu intanet, ko ta sa hoton ƙwallon duniya a gurbin sandunan. Ba ruɗewa ta yi ba. Duk sanda ta hau waifai takan aika ɗan saƙo zuwa wani shafin Microsoft don ta ji ko zai amsa. In bai amsa ba, sai ta sanar da kai.

Ruwan kuma daga nesa yake zuwa. Yawancin intanet ɗin Najeriya ta gaɓar tekun Legas yake shigowa, cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su SAT-3, da MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da WACS, da Equiano ta Google da ta iso a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a teku wajen Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, masu POS suka zauna suna kallon na'ura. A wannan makon na ga mutanen da suka ɗauki lafiyayyun kwamfutoci suka nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya ta Ikeja, da su.

Saboda haka gwajin farko ba a jikin laftof ake yin sa ba. Ɗauki wayarka, kashe datarta, hau da ita waifan da laftof ta ƙi. Kashe datar nan wajibi ne, don wayoyin yanzu suna da wayo: in suka ga waifai ba ruwa sai su koma kan data a ɓoye, ka zaci rauta lafiya lau take. In waya ma ta ƙi buɗe komai, rufe laftof ka ajiye, ba ta da laifi. In waya ta buɗe, sai gwaji na biyu: mayar da datar, kunna hotsifot a wayar, wato ta raba datarta ta waifai, ka hau da laftof. In ta hau ta yi aiki, katin waifanta lafiyayye ne, rashin jituwar tsakaninta da wannan rauta ɗin ne kaɗai. In ta ƙi wannan ma, to ciwon a jikinta yake. Minti uku ke nan, ba ka biya kowa ko sisi ba, kuma ka san ɓangaren da za ka fuskanta.

Ɓangaren rauta ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya fi yawa shi ne data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika, ko an cinye kason da ake bayarwa da cikakken gudu an koma tafiyar hawainiya. Mai hotsifot ya danna *323# ya ga abin da ya rage. Mai rauta ko maifai, wato 'yar rautar aljihu, ya juya ta, a ƙasanta akwai adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, shafin rautar zai buɗe ko da babu intanet, a nan za ka ga ko tana samun sabis da yawan na'urorin da ke kanta. Wannan lissafin yana da amfani a gidan haya, domin ƙaramar maifai tana da iyakar mutanen da take ɗauka, kuma kalmar sirri in ta shiga hannun yaro ɗaya, ta shiga hannun layin gaba ɗaya. Akwai kuma layin da ke cikin rautar. Tun da aka fara tilasta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, mutane da yawa sun haɗa na wayoyinsu sun manta da wanda ke kwance cikin rauta, har ranar da aka rufe shi.

Sai wuta. Rauta 'yar kwamfuta ce, kuma a Legas tana shan wahalar da masu ƙera ta ba su yi tsammani ba: a ɗauke wuta, a koma janareta, a dawo inbata, wuta ta zo rabi-rabi. Takan rikice ta ci gaba da watsa sunanta alhali ta daina aiki. Zare ta daga wuta, ƙirga talatin, mayar, ba ta minti biyu. In kuwa tana yawan mutuwa tana tashi da kanta, zargi cajarta kafin ka zarge ta, musamman in ba wadda aka sayo ta da ita ba ce.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne iskar da ke tsakani. Waifai rediyo ne, kuma zango biyu ya fi amfani da su: 2.4 da 5, a ma'aunin gigahaz. Zangon 2.4 shi ne tsoho. Yana tafiya nesa, yana ratsa bango da dama-dama, sai dai cunkosonsa ya yi kama da na Oshodi da ƙarfe shida na yamma. Tashoshi 13 ne a cikinsa, amma sun hau kan juna, uku kacal ne ba sa gogayya: 1 da 6 da 11. Yanzu ka tsaya a tsakar gidan haya a Idi-Araba ko Agege ka buɗe jerin waifai, ka ƙirga sunayen da za su fito. Duk waɗannan a kan layuka ukun nan suke turereniya, ga Bluetooth a wannan zangon, ga na'urar ɗumama abinci ita ma a nan take aiki. Shi ya sa abin da ya yi gudu bayan asuba yake rarrafe bayan isha, lokacin da kowa ya dawo gida ya kama kallo. Zangon 5 kuwa titi ne mai faɗi da sauri, amma ba shi da juriyar bango. Gine-ginenmu na bulo ne da kankare mai rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga tagogi masu sanduna. Bango biyu da silin ɗin kankare ɗaya sun isa su kashe shi.

Wani maƙwabcina ya taɓa kirana wai rautarsa ta lalace. Na same ta cikin durowar ƙarfe, an kulle da kwaɗo saboda yara suna wasa da fitilunta. Muka fito da ita, muka rataye ta a ƙusa sama da ƙofar falo, shi ke nan gyaran. Rauta tana son sarari da tsayi da tsakiyar gida. Bayan talabijin, ƙasan gado, gefen firji, kusa da tankin ruwa, duk makabartar sigina ce.

Yanzu mu dawo kan laftof ɗin kanta. A nan alamar ciwon ita ke nuna maganin, don haka a lura da abin da take yi daidai.

In ba ta ganin sunan kowane waifai sam, duba ko an danna alamar jirgin sama, ko maɓallin da ke kashe rediyon. Tsofaffin laftof da yawa suna da shi a layin maɓallan sama, wasu tare da Fn, wasu kuma ɗan makunni ne a gefe da jaka kan ture ba ka sani ba. In tana ganin na maƙwabta amma ba ta ganin naka, a nan tarihinta yake shigowa. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannunmu tokumbo ne, an gama aiki da su a ofisoshin Ingila ko Amurka kafin su sauka a Otigba, titin da ke cikin Computer Village. Da yawa daga cikin tsofaffin ba su san zangon 5 ba kwata-kwata. In hotsifot ɗinka a kan 5 yake, a wurinsu babu shi. A Android shiga saitin hotsifot ka mayar da zangon 2.4, a iPhone kuma kunna Maximize Compatibility. Wanda ke son tabbatarwa ya buɗe baƙin allon Command Prompt ya rubuta netsh wlan show drivers. In a jerin ya ga 802.11a ko ac ko ax, katin yana jin 5. In b da g da n kaɗai ya gani, kusan tabbas 2.4 ne iyakarsa. Akwai kuma wani ɗan tarko: a Amurka tashoshi 1 zuwa 11 ake amfani da su, don haka wasu katunan da aka yi wa kasuwar can ba sa ganin rautar da ta zauna a 12 ko 13. Shiga shafin rauta ka kafe ta a 1 ko 6 ko 11.

In tana ganin sunan amma ta ce ba za ta iya hawa ba, fara da kalmar sirri. Laftof takan riƙe tsohuwar, ta yi ta miƙa ta bayan an canza. Danna sunan da hannun dama, zaɓi Forget, sake rubutawa. Ga wani abin da ya sha ba ni dariya: allon maɓallan Ingila da na Amurka ba ɗaya ba ne. A na Ingila, alamar @ tana kusa da Enter, a na Amurka tana kan lamba 2. In laftof 'yar Ingila ce aka sa mata Windows da tsarin Amurka, za ka danna inda aka zana @ wata alama daban ta fito, kai kuma ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Wadda ta fito daga Jamus kuma Y da Z ne suka yi musanya. Mutum ya yi ta rantsuwa daidai ya rubuta, kuma gaskiyarsa ne. Danna alamar idon da ke gefen akwatin ka ga abin da ke shiga da gaske. In kalmar daidai ce kuma ta ƙi, duba irin makullin da rauta ke amfani da shi. WPA2 tun 2004 yake, kowa ya san shi. WPA3 ya zo a 2018, kuma tsohon kati ba ya gane shi. Sa rautar a kan WPA2, ko a kan wanda ya haɗa biyun.

In ta hau amma ba intanet, alhali waya tana aiki, to ana maganar adireshi. Duk na'urar da ta shigo, rauta takan yanka mata lamba, kamar yadda ɗan kamasho ke ba mota layi a tasha. A baƙin allon nan rubuta ipconfig. In lambar ta fara da 192.168 ko 10 ko 172, an ba ta. In ta fara da 169.254, rauta ba ta ba ta komai ba, ita ce ta ƙirƙiro wa kanta, kuma wannan lambar ba ta kai kowa ko'ina. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. In abin ya ci gaba, a duba ko an taɓa kafe mata adireshi da hannu a ofishin da ta fito, a mayar da shi na kai-tsaye.

Idan lamba ta samu, rubuta ping 8.8.8.8, wato ƙwanƙwasa ƙofar wata kwamfutar Google a ji ko za ta amsa. In amsa tana dawowa, hanya a buɗe take har waje. Sai ka gwada ping google.com. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, ka kama ɓarawon: DNS ne, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Kamar direban da motarsa ke da mai, titi kuma a buɗe, amma wanda zai yi masa kwatance ya yi barci. Canza shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ka biyo da ipconfig /flushdns. Kada kuma a manta da VPN, manhajar da ke zagayawa da kai ta wata hanya don buɗe shafin da aka toshe. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an sauke su ba adadi. Wasu har yau suna nan kwance cikin kwamfutoci, sun daina aiki amma ba su saki hanya ba. Haka ragowar saitin furoksi, shi ma wata hanyar zagaye ce, na masu neman burauzin kyauta. A cire su.

Sai agogo, wanda kusan ba mai kallo. A cikin laftof akwai ɗan batir mai kamar kwabo da ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, kwamfuta takan farka a wata shekara da ta wuce, burauza kuma ta ƙi yarda da takardun tsaron shafuka, ta yi ta gargaɗin cewa hanyar ba amintacciya ba ce. Gyara kwanan wata, shafuka su buɗe.

Mai hawa tana sauka kuwa, musamman da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, sau da yawa tsimin wuta ne. Windows takan rage wa katin waifai ƙarfi don batir ya daɗe. A Device Manager, ƙarƙashin Network adapters, buɗe katin, in akwai shafin Power Management cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. A nan ne kuma za ka ga ko direban katin, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, yana da alamar rawaya. In sai an sauko da sabon direba, kuma ba waifai, haɗa waya da laftof da wayar caja ka kunna USB tethering a wayar don laftof ta samu data ta nan. Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: tun daga Windows 8, Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yakan adana wani ɓangare don ta yi saurin tashi, har da direban da ya rikice. Restart ne ke wanke komai. Mutum zai ce maka ya kashe ya kunna sau biyar, alhali bai taɓa yin wanda ke da amfanin ba. In duk wannan ya gaza, akwai Network reset a cikin saiti. Yana goge duk waifan da ta sani da kalmominsu, amma ba ya taɓa takardunka ko hotunanka. Nisansa da fomatin kamar nisan aski ne da yanke kai.

Tunda ana maganar hotsifot, bari in ɗan ratse. Windows ba ta san datarka ta kuɗi ce ba. Da ta samu hanya sai ta hau sabunta kanta, ta shanye gigabait biyu kafin ka buɗe imel, kai kuma ka ga komai ya tsaya ka ce sabis ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba abin wasa ba ne. A saitin waifan kunna Metered connection, don Windows ta san datar ƙidayayya ce.

Laftof ɗin 'yar Kawu ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na kunna hotsifot, na ajiye wayar a jikinta, ta kama nan take, shafi ya buɗe. Na ɗauki wayar na fita bakin ƙofa, taku huɗu, sanduna suka zube saura ɗaya. Na ƙara taku biyu, sunan ya ɓace. Wayar Kawu kuwa tana ganin waifai har na gidan da ke tsallaken titi.

Na ce, "Kawu, an taɓa buɗe ta?"

Ya ce, "Wata uku da suka wuce ƙaninta ya zauna a kai, aka canza gilashin."

Eriyar laftof ba a gindinta take ba. A saman murfi take, bayan gilashin, kuma siraran wayoyi biyu ne, galibi baƙa da fara, suke saukowa ta cikin hinji zuwa katin, wanda bai fi kan sarki girma ba. Kowace waya tana ƙarewa da ɗan maɓalli mai ruwan zinariya, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, da ake dannawa a kan katin. Na zare caja, na kwance ƙusoshin ƙasa, na cire batir. Baƙar wayar tana lilo a gefe ba a mayar da ita ba, farar kuma an datse ta da murfin hinji har fatarta ta ɗaye. Na danna baƙar da bakin farce har ta ce ƙyas, na saki farar na naɗe ta da ɗan salatif. In da ta tsinke, da sai mu sayi ɗan katin waifai na USB, mai girman kan yatsa, mu soka a gefe mu huta.

Muka kunna. Sunaye goma sha ɗaya suka jero. Kawu ya sa tabarau ya sunkuya yana karanta su ɗaya-ɗaya, ya tsaya a kan wani da aka raɗa wa "Ba Na Sadaka Ba Ne", ya ce wannan ko ba a faɗa ba Bakano ne. Sannan ya zaro waya ya kira 'yarsa, ya ce ta share hawaye ta dafa masa shayi, ga shi nan tafe kafin magariba in Pen Cinema ba ta cushe ba.